Jitar Da Kawu Ya Bari: A Ina Aka Ƙera Ta, Kuma Wace Shekara?

Magajin Kawu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina leƙen zauren nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai buƙata ta fito da ni. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya bar wata jita cikin kayansa, ta faɗo hannuna. Irin ta katako ce wadda ba a jona ta da wuta, tsirkiyar ƙarfe shida, babban jiki mai faɗin ƙugu. Sunan da ke kanta ya goge, sai ɗan burbushin ruwan zinare. Takardar da aka manna a ciki ta yage, saura 'yar kusurwa. Da na haska tocila ta ramin sauti, sai na hango lamba a jikin gungumen da wuya yake shiga: 490612. Kan nata murabba'i ne, sak irin na jitocin kamfanin Martin na Amurka da nake gani a hotuna. Ga hotuna huɗu na ɗora. Ina so in san ƙasar da aka ƙera ta da kuma shekarar. Ba sayarwa zan yi ba, sani kawai nake so.

Ɗan Koyo: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu. Ai Yaya amsar tana hannunka: 49 shekara, 06 wata, 12 rana. 12 ga Yuni, 1949. Ka tsinci dami a kala wallahi.

Sarkin Lamba: Ɗan Koyo, a hankali. Idan Martin ce, lambarsu ba kwanan wata ba ce, ƙidaya ce. Sun fara ta a 1898 daga 8000, suna ta jerawa ɗaya bayan ɗaya har suka kai miliyan a 2004. Shi ya sa babu kamfanin da ya kai su sauƙin gane shekara. Na duba jadawalin da nake da shi, 490612 ta faɗa ƙarshen shekarun 1980. To ka ga tsakanin maganata da taka akwai shekara arba'in.

Magajin Kawu: To fa! Ko minti goma ba a yi ba na sami shekaru biyu.

Baba Mai Gyara: Allah ya gafarta wa kawu, ya sa ya huta. Ɗana, ajiye lambar nan gefe tukuna. Lamba ba ta magana sai ka san harshen wanda ya buga ta, mu kuwa ba mu san shi ba tukuna. Duk wanda ya fara da lamba kafin ya san masana'anta, duba yake yi, ba bincike ba.

Hotunanka sun yi duhu, don haka zan tambaye ka da baki. A kan jitar, daidai inda tsirkiyoyi ke barin wuya, akwai 'yar roba da aka ɗaure da sukuru? In akwai, sukuru nawa? Sannan ka dubi jakin da tsirkiyoyi ke hawa a kan cikinta: farin abin nan da suke kwanciya a kai, a tsage yake zaune kawai, ko akwai sukuru biyu a gefe da gefe na ɗaga shi? Na uku, ka kawo ido kusa da leɓen ramin sauti, ka ga ko zanen katakon ya gangara daga sama har ƙasa, ko kuwa hawa-hawa ne kamar an jera takardu. Na ƙarshe, a cikin bayanta, a kan siririn katakon da ya raba tsakiya, akwai rubutun da aka ƙona da wuta?

Magajin Kawu: Baba, na duba. Robar tana nan, sukuru uku. Jakin yana da manyan sukuru biyu masu sheƙi. Leɓen ramin hawa uku ne, na tsakiya ya fi duhu. Rubutun wuta kuwa babu ko alama.

Baba Mai Gyara: To ba Martin ba ce, ka cire wannan daga ranka tun yanzu don kada ya dame ka. Kama da Wane ba ta Wane.

Ga dalilina. Robar nan murfi ce, a ƙarƙashinta akwai notin ƙarfen da ke cikin wuya, wanda ake murɗawa a miƙar da wuyan in ya lanƙwashe. Martin ba su fara sa ƙarfe mai murɗuwa ba sai 1985, kuma ko da suka fara, ta cikin ramin sauti ake kai masa hannu, ba su taɓa fuskar kan ba. Sannan su suna ƙona sunansu da na garinsu Nazareth a cikin bayan jitar, kuma tun 1930 suke buga samfurin jitar a saman lambar a wannan gungumen. Taka lamba ce tsirara. Ga kuma fuska mai hawa uku, alhali fuskar manyan jitocinsu na wancan lokaci katakon sufurus ce zalla, falle ɗaya.

Gibson kuwa, wani kamfanin Amurka, su ne suka fara wannan ƙarfen tun farkon shekarun 1920, amma murfinsu mai siffar ƙararrawa ne, sukuru biyu. Sukuru uku galibi hannun masana'antun Asiya ne.

Sarkin Lamba: Na janye maganar Martin, Baba ya kayar da ni a nan. Amma ban yarda a ce lamba duba ce ba. Gibson a 1977 suka fara buga lamba takwas, ta farko da ta biyar su ne shekara, uku na tsakaninsu ranar shekara. Ka ba ni ita in gaya maka ranar da aka buga ta ba tare da na ga jitar ba. Wannan duba ne?

Baba Mai Gyara: Malam, ka zaɓi shekarun da suka yi maka daɗi. Koma baya kaɗan. A shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970 Gibson ɗin nan sun maimaita lambobi, har lamba ɗaya takan fito a shekara biyu ko uku. Me masana ke yi in sun ci karo da irin wannan? Sai su juya bayan kan: in akwai tambarin "Made in USA" da ɗan tudu a inda wuya ya haɗu da kai, sun san daga 1970 ne zuwa sama. Wato jikin jitar ne ya raba gardamar da lamba ta haddasa. Ni ban ƙi lamba ba. Shaida ce, amma ba ita ake fara kira ba.

Uwar Tsirkiya: Ku ba ni wuri in sa baki, don lambar nan ta tuna min wani abu. Akwai karatu na uku da ba wanda ya kawo. Japanawa suna ƙirga shekara da sarautar sarkinsu. Zamanin Showa ya fara a 1926, ya ƙare a farkon 1989. Sai ka ɗauki shekarar Showa ka ƙara mata 1925. Wasu maƙeran jita a can da wannan ƙirgen suke buga lamba, K. Yairi sananne ne da haka. To 49 a haɗa da 1925, ya ba mu 1974. Idan aka bi wannan, jitar kawu ta 12 ga Yuni ce kamar yadda Ɗan Koyo ya faɗa, sai dai 1974, ba 1949 ba.

Ɗan Koyo: Hajiya, ashe dai na ci rabin maki.

Uwar Tsirkiya: Ka ci wata da rana, ka faɗi shekara da ashirin da biyar. Malamin da ya ba ka rabi ya yi maka alheri.

Magajin Kawu: Yanzu shekaru uku ke nan daga lamba ɗaya: 1949, 1974, da ƙarshen 1980. Ni dai kaina ya ɗaure.

Mai Jitar Hagu: Bari in ƙara maka na huɗu don ya ɗaure da kyau. Wasu masana'antun lamba ɗaya tak suke ba shekara. Jitocin Yamaha da aka yi a Taiwan haka suke, lambar farko shekara, sai wata, sai rana, shi ya sa bayan kowace shekara goma sai tsarin ya sake zagayowa. Nasu dai ya fi naka tsawo, amma wata masana'antar tana iya nufin 4 shekara, 9 wata, 06 rana, 12 kuma jita ta goma sha biyu a ranar. Ka ga sai ya zama Satumba ta 1974 ko ta 1984. Sannan Taiwan ma suna da nasu ƙirgen, ana ƙara 1911, wanda zai kai mu 1960.

Shugaban Zaure: Jama'a, kada ku kori baƙo da lissafi. Yau ya fara magana.

Baba Mai Gyara: Ɗana, kada ka firgita, yawan amsoshin nan shi ne aikin. Yanzu sai mu riƙa yanke su ɗaya-ɗaya da abin da ido ke gani. Ka riƙe wannan ƙa'ida: jita ba ta girmi sabon abin da aka haife ta da shi ba. Duk wani abu a jikinta yana da shekarar da aka fara yinsa a duniya. Ka nemo wanda ya fi kowa ƙuruciya, muddin na asali ne ba canji ba, shi ne zai ce maka ba a yi ta kafin shekara kaza ba.

Mu ɗauki 1949. Jaki mai sukuru biyu na ɗagawa, Gibson ne suka kawo yayinsa a tsakiyar shekarun 1950, masana'antun Japan suka kwaikwaya, ya cika ko'ina a ƙarshen 1960 da cikin 1970, daga baya aka watsar da shi saboda yana cinye sauti. Wannan kaɗai ya kashe 1949. Ka kuma faɗa min, man sheƙin jikinta, yana da 'yan siraran tsage kamar saƙar gizo, ko sumul yake da kauri kamar gilashi?

Magajin Kawu: Sumul yake Baba, da kauri. Akwai inda ya ɓantare a gefe, ɓarin kamar na kwalba.

Baba Mai Gyara: Foliyesta ke nan. Tsohon mai na naitiro siriri ne, yana yin rawaya, yana tsattsagewa in sanyi da zafi sun yi ta juya shi. Wannan mai kaurin sai ƙarshen shekarun 1960 ya yaɗu a masana'antun jita. To 1960 ma ta fita. Abin da ya rage mana tsakanin ƙarshen 1960 ne zuwa farkon 1980, kuma jakin yana jan ta zuwa tsakiyar wannan zangon.

Sarkin Lamba: Tunda an ce ni mai lamba ne, bari in yi aikina. Na duba kalanda. 12 ga Yuni, 1949 ranar Lahadi ce. 12 ga Yuni, 1974 kuwa Laraba ce, ranar aiki. Ba hujja ba ce mai yanke hukunci, amma dai ta jingina da maganar Hajiya.

Uwar Tsirkiya: Malam, yau ka burge ni.

Ɗan Koyo: Ni tambayata, ta yaya za a san ƙasar? Sukuru uku aka ce Asiya, to Asiya ai ba gari ɗaya ba ce.

Uwar Tsirkiya: Tambaya mai kyau. Da farko ka san cewa rubutun ƙasa a jikin kaya doka ce ta kawo shi. Amurka ta yi dokar haraji a 1890 wadda ta tilasta a rubuta ƙasar da kaya ya fito kafin ya shiga kasuwarta. Saboda haka kalmar da aka rubuta ita kanta kwanan wata ce. Kayan Japan "Nippon" ake rubuta musu har 1921, sannan aka koma "Japan". Bayan yaƙin duniya na biyu, har zuwa 1952, za ka ga "Made in Occupied Japan". In ka ga "West Germany", tsakanin 1949 ne da 1990. In ka ga Czechoslovakia, kafin 1993 ne, don a ranar farko ta wannan shekara ƙasar ta rabu biyu. "USSR" ba ta wuce 1991 ba.

Ko adireshin da ke kan takarda yana tona asiri. Lambar gidan waya mai biyar ta Amurka a 1963 aka fara ta. Adireshin intanet a jikin takarda kuwa, ka san ba a yi jitar kafin tsakiyar 1990 ba, ko da an shafa mata tsufa da gangan.

Matsalar ita ce jitoci masu araha na wancan zamani da 'yar sitika ake manna sunan ƙasar, a bayan kai ko a dugadugin wuya, kuma ita ce ta fara faɗuwa. Magaji, juya ta ka karkata ta a haske, ka ga ko akwai inda launi ya bambanta.

Magajin Kawu: Hajiya, akwai! A bayan kai, ɗan wuri mai siffar ƙwai, bai kai faɗin farce biyu ba, ya fi sauran haske. Ban taɓa lura ba.

Uwar Tsirkiya: Makwancin sitikar ke nan. Ta tafi ta bar mana sawunta. Sai dai Japan da Koriya da Taiwan duk sun yi irin wannan, don haka sawun bai faɗi suna ba.

Mai Jitar Hagu: Kafin a rufe ƙofar Turai, ku tabbatar. Ni na taɓa rantsewa wata jita ta Japan ce, ashe ta Italiya ce. Eko ta garin Recanati sun yi manyan jitoci masu nauyi da jaki mai sukuru, fuska mai hawa-hawa, mai mai kauri, duk abin da aka lissafa a nan.

Baba Mai Gyara: Gaskiyarka, kuma na gode da ka tuna. Amma waɗannan na Eko wuyansu da sukuru ake ɗaure shi ta baya, akwai farantin ƙarfe a wurin. A hoto na uku na Magaji ina ganin dugadugin wuya na katako, an haɗa da gam. Sannan Turawan nahiyar, musamman Jamusawa irin su Höfner da Framus, suna son sa ƙarin firet guda, wato siririn ƙarfen nan da ke gicciye a wuyan jita, a bakin wuya, dab da inda tsirkiyoyi ke fitowa. A hoton babu shi. Na Rasha kuma, da yawansu tsirkiya bakwai ne, da wani noti a dugadugi da ake ɗaga wuyan da shi da makulli. In jitar nailan ce da sai mu yi maganar Sifaniya, inda wuya da gungumen ciki katako ɗaya ne, har yana da 'yar ƙafa da ta kwanta a kan bayan. Wannan ba ta cikinsu.

Saura Harmony da Kay na Chicago, waɗanda suka cika Amurka da jitoci masu araha. Su Harmony tawada suke buga wa ciki, harafin F ko S da lamba biyu na shekara, kuma haƙarƙarin, wato siraran katakon da ke tallafe ƙarƙashin fuskar jitocinsu, a jere yake kamar tsani. Ɗana, sassauta tsirkiyoyin, ka zura ƙaramin madubi da tocila, ko wayarka in za ta shiga, ka ɗauko mana hoton ƙarƙashin fuskar. Ka yi a hankali kada ka bugi haƙarƙarin. Ka kuma ɗauki kusurwar takardar nan da kyau.

Ɗan Koyo: Kafin ya dawo, Baba, ni abin da ban gane ba, in da sunan kan bai goge ba ai da an huta ko?

Baba Mai Gyara: Da an rage hanya, ba a huta ba. Sunan da ke kan jita sau da yawa na mai sayarwa ne, ba na maƙeri ba. Harmony ɗin da na ambata su ne suka yi wa kantin Sears jitoci da sunan Silvertone, suka yi wasu da sunan Stella, da wasu sunaye barkatai, har suka rufe a 1975. A Japan ma haka: Matsumoku da FujiGen a garin Matsumoto, Terada a Nagoya, duk wanda ya zo da odar kwantena sai su buga masa sunan da yake so. Jita ɗaya, suna biyar, ƙasa biyar.

Ko babban suna ma ba ya zama wuri ɗaya. Epiphone a garin Kalamazoo na Amurka ake yinta har 1970, ta koma Japan, ta koma Koriya a shekarun 1980, daga baya Sin. Guild ta tashi daga New York zuwa Hoboken, zuwa Westerly inda ta daɗe, sannan ta yi ta ƙaura bayan 2001. Gibson sun bar Kalamazoo a 1984, jitocinsu na katako kuma tun 1989 a Bozeman ta jihar Montana ake yi. Martin da Taylor duk suna da masana'anta a Meziko. In mutum ya ce min jitarsa Guild ce, sai in ce ta wane gari?

Sarkin Lamba: Kuma wannan ƙaurar ba haka kawai ba ce, kuɗi ne ke korarsu. Har 1971 dala ɗaya yen 360 ce a kuɗin Japan, aikin Japan ya yi arha sosai ga Amurkawa. Da yen ta fara tsada, musamman bayan yarjejeniyar Plaza ta 1985 a kan darajar kuɗaɗen manyan ƙasashe, sai odar jitoci masu araha ta gudu Koriya da Taiwan, Matsumoku ma ta rufe a 1987. Daga baya aikin ya sake gangarawa Indonesiya da Sin. Saboda haka in ka san ajin jitar da ƙasarta, ka kusa sanin zamaninta. Jita mai hawa uku irin wannan, in ta Japan ce, ta fi kama da kafin 1980. In ta Koriya ce, karatun 1984 da Mai Jitar Hagu ya kawo zai iya tashi.

Magajin Kawu: Na dawo. Madubin bai yi ba sai da na sa waya. Haƙarƙarin gicciye ne, manya biyu sun haɗu a ƙasan ramin. Kusurwar takardar kuma, da na goge ƙura da busasshen auduga, haruffa sun fito: "AKKI CO., LTD". A ƙasa akwai "W-1" sai wurin ya yage. Na kuma kwance ɗaya daga cikin kunnuwan ɗaure tsirkiya, a bayan farantin an buga "JAPAN".

Ɗan Koyo: Nippon Gakki! Yamaha ce wallahi! Yaya, ka ga irin masu jar takardar nan da ake nema ruwa a jallo.

Uwar Tsirkiya: Ɗan Koyo, kai dai ba ka gajiya da tsalle. "Gakki" a harshen Japan kayan kiɗa kawai yake nufi. Gaskiya ne Yamaha sunanta Nippon Gakki har 1987, amma akwai FujiGen Gakki, akwai Hoshino Gakki masu jitocin Ibanez, akwai Kasuga, akwai Terada, kowa da Gakki a wutsiyar sunansa. Sannan jitocin ƙarfe na Yamaha da suka fara fitowa a 1966 da FG suke farawa, FG-150 da FG-180, ba W ba. Kan Yamaha ma ba murabba'in Martin ba ne. Abin da kalmar ta ba mu shi ne ƙasa: kamfanin Japan ne. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Harafin W ɗin masana'antun Japan da yawa sun yi amfani da shi ga manyan jitoci irin na mawaƙan karkarar Amurka. Lambar da ke biye da shi kuma sau da yawa farashin ce a yen, kamar yadda FG-180 ta fito a kan yen 18,000. Da sauran lambar ba ta yage ba, da mun san ajinta a gidan su.

Baba Mai Gyara: Kunnen da ka kwance, kada ka dogara da shi shi kaɗai. Masana'antun Koriya sun sayi ƙarafan Japan sun ɗaura, sannan kunnuwa su ne abin da aka fi canjawa a jita. Da ka cire shi, ka ga wasu ramukan sukuru da ba a amfani da su, ko sawun wani faranti daban a jikin man?

Magajin Kawu: Babu Baba. Ramukan daidai suke, sawun ma nasa ne.

Baba Mai Gyara: To na asali ne, ya shiga sahun shaidu. Yanzu ka ga yadda suka jeru: takarda ta ce kamfanin Japan, kunne ya ce Japan, murfi mai sukuru uku bai musa ba, jaki da mai sun ce shekarun 1970. Sai yanzu ne za a kira lamba ta shigo, kuma da ta shigo da ƙirgen Showa sai ta ce 1974, ta zauna daram a tsakiyar abin da sauran suka faɗa. In ni ne zan rubuta a takardar gyara, zan sa: Japan, tsakiyar shekarun 1970, mai yiwuwa Yunin 1974.

Sarkin Lamba: Baba, "mai yiwuwa" kuma? Bayan duk wannan?

Baba Mai Gyara: Eh, Malam. Kamfanin Japan yana iya ba da aiki a waje ya manna takardarsa, Yamaha kansu sun buɗe masana'anta a Kaohsiung ta Taiwan a farkon 1970. Kuma lambar gungume wani lokaci ranar da aka haɗa jiki ce, ba ranar da jitar ta fita ba. Na sha buɗe jita in ga kwanan wata biyu a ciki, wata uku tsakaninsu. Takarda ma ana canja ta. Goge nawa ne a duniya ke ɗauke da takardar Stradivari, shahararren maƙerin goge na Italiya, alhali a masana'anta aka yi su dubu-dubu? A nan dai ban ga dalilin da wani zai yi ƙaryar takardar da ba ta ƙara wa jitar daraja ba, shi ya sa na yarda da ita.

Mai Jitar Hagu: Wani tarkon kuma shekarar kafa kamfani. Suzuki ta Nagoya ta riƙa rubuta 1887 a takardarta, Martin suna sa 1833 a kai. Duk wata sai wani ya zo zauren nan yana rawar jiki wai ya sami jitar ƙarni na sha tara.

Ɗan Koyo: To ni na ji ana cewa irin waɗannan kwaikwayon na Japan "jitar ƙara" ce, wai an kai su kotu, shi ya sa suke da daraja. Ta kawu tana ciki?

Uwar Tsirkiya: Kalmar 'yan talla ce aka miƙe ta har ta wuce asalinta. Ƙarar da aka sani ita ce ta 1977, kamfanin Norlin mai Gibson ya kai Elger, masu shigo da Ibanez Amurka, a kan siffar kai, kuma a wajen kotu aka sasanta. Ba ta shafi kowace jitar Japan mai kama da ta Amurka ba. Ta Magaji jita ce ta masu koyo da matsakaita, an yi ta da kyau, ta kai shekara hamsin wuyanta bai rabu da jiki ba. Ni wannan ya ishe ni yabo.

Sarkin Lamba: Masana'antar fa? Mun bar ta a buɗe.

Baba Mai Gyara: Wannan sai da kwatance. Magaji ya ɗauki hoton siffar murfin nan, da zanen da ya kewaye ramin sauti, da yadda aka sassaƙa dugadugin wuya, da salon haruffan lambar, ya riƙa gwadawa da jitocin da takardarsu ba ta yage ba. Tsofaffin kundayen tallan kamfanonin Japan na shekarun nan suna nan a intanet, mutane sun ɗora. Ranar da ya ga mai irin waɗannan huɗun duka, ya sami 'yar'uwarta. Burbushin zinaren kan ma kada ya goge shi. Ya kashe fitila ya haska tocila daga gefe, a kwance, wani lokaci sawun haruffan yana fitowa a cikin man ko da launin ya tafi.

Magajin Kawu: Na gwada yanzu a ɗaki mai duhu. Harafin farko kamar M ne ko K, mai lanƙwasa, sauran ba su fito ba. Zan sake da dare in ɗauki hoto. Allah ya saka muku da alheri, Baba da Hajiya da Malam, har da Ɗan Koyo mai rabin maki. Mahaifiyata ta ce tana tuna kawu da jitar nan tun kafin a haife ni, ni kuwa haihuwar 1979 ne, to 1984 dai ta fita.

Baba, wata tambayar: da na sassauta tsirkiyoyin na lura bayan jakin ya ɗan ɗaga, takarda tana shiga ƙarƙashinsa. In mayar da tsirkiyoyin ko in bari?

Baba Mai Gyara: Kada ka ɗaure su. Tsirkiyar ƙarfe shida tana jan abin da ya haura kilo 60, za ta ƙarasa ɓalle shi ta tafi da fatar katakon. Kada kuma ka ɗura masa gam mai kamawa nan take. Zura takardar ka ja layi da fensir inda ta tsaya, ka turo min hoton in ga zurfinsa.

Ɗan Koyo: Baba, kafin ka tafi, ni ma akwai wata a ɗakin yayana, an rubuta 1887 a ciki...

Uwar Tsirkiya: Ɗan Koyo, hau sama ka karanta abin da Mai Jitar Hagu ya rubuta, sannan ka buɗe sabon zare da hotuna.